Hannun da Ya Ƙi Taɓo Kunne

Akwai wata mata a Dala, ana ce mata Hajiya Zara. Matar Alhaji Modu ce, wani babban mai fataucin goro, wanda ya fi kwana a hanyar Kurmi, can ƙasar kudu, a kan ɗakinsa. Asalinsu Barebari ne, amma tun kakanni suke cikin birni. Da yake Alhaji ba mazauni ba ne, komai na gidan a hannun Hajiya yake. In ta ce a yi, to an yi.

A can ƙuryar gidan, kusa da madafa, akwai wani ɗan ɗaki da aka ba wata mata mai suna Lauratu. Mijinta Sabo baduku ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tak, Kulu. Lauratu ce mai daka da surfe da wanke-wanken gidan. Ladanta ɗakin nan da tuwo.

Hajiya ma tana da 'ya, Hauwa. Ita da Kulu sa'o'in juna ne, tare suke zuwa makarantar allo, tare suke wasa a tsakar gida. Sai dai Hauwa doguwa ce, Kulu kuwa 'yar firit.

A shekarun nan, in lokacin ɗaukar yara makarantar boko ya yi, En'e, wato hukumar gargajiya, ita ce ke aiko wa mai unguwa ya kawo yara elementare. To babu mai takardar haihuwa. Saboda haka gwajin ɗaya ne. Yaro ya ɗora hannun dama ta saman kansa, ya taɓo kunnensa na hagu. In ya taɓo, ya isa makaranta. In bai kai ba, a ce sai baɗi.

Mutane kuwa tsoron boko suke yi kamar me. Wasu su tura yara ƙauye, wasu su ɓoye su a ƙarƙashin gado har mai unguwa ya wuce.

Wata shekara aka ce har da 'yan mata ake so. Mai unguwa Haruna ya aiko gidan Alhaji Modu, ya ce manyan gidaje su za su fara, kuma ya ji akwai yarinya Hauwa. A fito da duk 'yan matan gidan zaure, zai zo ya gani.

Hajiya ta kira yaran biyu ɗakinta.

Ta ce, "Ke Hauwa, ɗora hannu in gani."

Hauwa ta ɗora. Yatsunta suka kama kunne caraf.

"Ba haka ba, sakarya! Ƙanƙame kafaɗa. Lanƙwasa gwiwar hannun. Yawwa. In an tambaye ki, sunanki Kulu."

Ta juya kan Kulu. Ita kam da gaske hannunta bai kai ba, saura kaɗan.

"Ke kuma karkata kanki. Kaɗan, kada a gane. To kin ga ya kai. Daga yau in kin fita ƙofar gidan nan, ke ce Hauwa Modu."

Lauratu tana bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki yi mini rai. Ita kaɗai Sabo ya bar mini."

Hajiya ta ce, "Haba Laure, yanka ta za a yi? Ta je da safe, azahar ta dawo. Ko so kike a ce 'yar Alhaji Modu tana bin layi da 'ya'yan kowa da kowa?"

Lauratu ta dubi ɗan ɗakinta, ta miƙe ta koma bakin turmi.

Da mai unguwa ya zo, yaran suka fito zaure, Hajiya tana bayan ƙofa tana ji. Shi Bafillace ne, ba ya ganin Babarbare ya ƙyale. Doguwar ta ɗora hannu, ya tsaya a tsakar ka. Gajerar ta ɗora, ta taɓo kunne.

Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Ikon Allah! Doguwa hannunta bai kai ba, gajera ta kai. Ku Barebari komai naku a juye yake."

Hajiya ta ce daga ciki, "Ranka ya daɗe, ai gara mu. Ku da sanda kuke auna komai."

Ya ce, "To na ji. Wace ce Hauwa?"

Kulu ta ɗaga yatsa.

Ranar nan matan maƙwabta da suka san abin da aka yi, shigowa suka riƙa yi ɗakin Lauratu suna yi mata jaje. "Sannu Laure. Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." Sai ka ce rasuwa aka yi.

Ranar farko a elementare, malam ya kira, "Hauwa Modu!" Kulu tana can tana kallon allon bango, ba ta san da ita ake ba. Sai da ta ji ranƙwashi a ka. Ta dawo gida tana kuka, ta ce, "Inna, ni ba na son sunan nan."

Lauratu ta shafa mata kai ta ce, "Ki amsa da baki kawai. Sunan ubanki ki riƙe shi a ciki, ba mai ƙwace miki."

Ita kuwa Hauwa, aka sa ta makarantar Malam Maharazu, ta wajen hanyar Ƙofar Dawanau. Makarantar kuɗi ce da ya buɗe a gidansa, da benci da allon bango, ana koyar da Larabci da fiƙihu da hisabi. Makaranta ce mai kyau, malamin kuma mutumin kirki. Amma Hajiya ba don kyanta take yabonta ba. In mata suka taru sai ta ce, "Mu tamu biya ake yi. Ba irin wadda ake koro yara kamar awaki ba."

Abin da Hajiya ba ta lissafa ba shi ne Kulu tana da kai. Kafin a jima ta fara zuwa ta ɗaya. Kullum da la'asar, Hauwa za ta lallaɓo bayan rijiya ta ce, "Yau me aka koya muku?"

Kulu ta san saboda Hauwa aka tura ta. Ta san ranƙwashin da take sha da sunan Hauwa take sha. Amma ba ta taɓa ce mata a'a ba. Sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke, ta zana mata baƙaƙen boko. Hauwa kuma ta biya mata abin da Malam Maharazu ya koya musu. Wata rana Hajiya ta kama su, ta sa ƙafa ta goge rubutun. Washegari suka koma bayan ɗakin kaji.

Haka shekaru suka tafi. Kulu ta gama elementare ta wuce siniya firamare. Gari kuma ya fara juyawa. Ko'ina maganar mulkin kai ake, ana cewa Turawa sun kusa tafiya, kuma waɗanda suka yi boko su za a ba aiki. Hajiya ta je wani biki a Ƙofar Kabuga, ta ga wata yarinya malamar makaranta ta shigo, manyan mata suna matsa mata a tabarma suna "Malama, bisimilla nan." Ta dawo gida ranar ba ta ci tuwon kirki ba.

Ana nan sai labari ya zo ta hannun mai unguwa. Hauwa Modu ta ci jarrabawar shiga kwalejin 'yan mata. A duk unguwar ita kaɗai.

Kulu da Innarta suka rungume juna a ɗaki. Amma kafin su gama murna, sai ga mata daga wasu unguwanni suna sallama. Su ba su san komai ba, suna kawai suka ji. Kai tsaye ɗakin Hajiya suka nufa.

"Hajiya barka! Ashe Hauwa ta ci kwaleji? Kai, Allah ya yi albarka. Ai daman gidan Alhaji Modu gidan ilimi ne."

Hajiya ta buɗe baki za ta gyara. Sai kuma ta rufe. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai mun sha ɗawainiya." Ta raba goro.

Da baƙi suka watse ta aika a kira Lauratu.

"Laure, wa aka ce ya ci jarrabawa?"

"Hajiya, ai Kulu ce."

"Ni ba haka na ji ba. Hauwa Modu na ji. Sunan wa ne?"

Lauratu ta durƙusa. Ta ce, "Na 'yarki ne, Hajiya. Amma kan da ya yi karatun..."

"Aro na ba ku, yanzu ina son abina. Hauwa ce za ta tafi. Ko kin ɗauka ban san ta iya boko ba? Ba 'yarki ce ta koya mata a ƙasa ba? To madalla, ta kyauta."

"Hajiya, malamansu fa sun san fuskar Kulu."

"Malamansu suna hutu, kowa ya tafi garinsu. Na kwaleji kuwa ba su taɓa ganin kowa ba. In kin ga za ki iya surutu, to ki fara nemo inda za ki kai tabarmarki."

Alhaji yana Kurmi. Lauratu ba ta da kowa a birni. Ta dawo ɗaki ta faɗa wa Kulu.

Kulu ta miƙe ta ce, "Inna, zan je in gaya wa mai unguwa."

"Ki je. Daga can kuma ina za mu kwana?"

Kulu ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi hannuwan Innarta, duk sun yi kanta saboda taɓarya. Ta dawo ta zauna. Kukan da ta yi ranar, a cikin zani ta yi shi don kada a ji a tsakar gida.

Aka sayo wa Hauwa sabon akwati, aka ɗinka mata kaya, aka sa mata lalle. Kulu ce ma aka ba wankin zannuwan. Tana durƙushe a bakin rijiya tana cuɗawa, sai Hauwa ta zo ta tsaya a kanta, ta kasa haɗa ido da ita.

"Kulu, wallahi ba ni na ce ba."

"Na sani."

"Ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

Kulu ta matse zani ta ajiye. Ta ce, "In malama ta shigo aji, miƙewa ake yi gaba ɗaya. In aka kira suna, ki amsa da sauri, kada ki tsaya kalle-kalle, ranƙwashi ake yi. Lissafin rabawa kuma har yanzu kina mance ragowa. Zo in sake nuna miki kafin ki tafi, kada su gane."

Ta share ƙasa da jiƙaƙƙen hannunta, ta ɗauki tsinke.

Hauwa ta tsaya tana kallon hannun nan. Ba ta durƙusa ba. Ta juya da gudu ta shige ɗaki.

Ranar tafiya, motar En'e ta tsaya a bakin titi, don lungun ba ya shiguwa. Mai unguwa Haruna ya zo, yanzu gemunsa ya yi fari fat, tare da wata malama daga kwaleji, Malama Uwani, wadda aka aiko ta tattara sababbin ɗalibai. Suka zauna a zaure. Yara da maƙwabta suka cika ƙofar gida. Hajiya tana bayan ƙofa, inda ta tsaya wancan karon.

Hauwa ta fito cikin sababbin kaya. Kulu tana bayanta, ɗauke da akwatin a ka.

Malama Uwani ta ce, "Ke ce Hauwa Modu?"

Kafin ta amsa, mai unguwa ya ƙura mata ido ya ce, "Masha Allah! 'Yar gajeruwar nan ce ta zama haka? Ashe boko har tsawo yake ƙarawa. To Hajiya, ina doguwar nan mai guntun hannu?"

Hajiya ta ce, "Ga ta nan ɗauke da akwati, ranka ya daɗe."

Ya dubi Kulu sama da ƙasa. "Ikon Allah! Ita kuma ta koma ciki. Ban ce muku Barebari komai nasu a juye yake ba?"

Mutane suka kwashe da dariya. Hauwa ce kawai ba ta yi ba.

Sai ta ɗaga hannun dama. Ta ɗora ta saman kanta a gaban kowa, ta kama kunnenta na hagu, ta riƙe.

Ta ce, "Baba, ni ce doguwar. Tun ranar nan hannuna ya kai. Cewa aka yi in ƙanƙame kafaɗa."

Daga bayan ƙofa aka daka tsawa. "Ke Hauwa!"

Hauwa ba ta saki kunnen ba. Hawaye na zuba ta ce, "Hajiya ki yafe mini. Ba zan iya ba. Ni ban taɓa taka elementare ba. Duk abin da na iya, wannan ce ta koya mini a bayan rijiya."



Malama Uwani ta ce, "Wa ya zauna jarrabawar?"

Hauwa ta sauke akwatin daga kan Kulu, ta kamo hannunta ta turo ta gaba. "Ga ta."

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Yanzu babu wasa a muryarsa. Ya ce, "Hajiya Zara. Wancan karon kin juya ni, na kai wa En'e 'yar marainiya da sunan 'yarki. Na sha, ya wuce. Yau kuma da furfurata za ki maimaita? Kina so maganar nan ta tsaya a zauren nan, ko in kai ta gaba, Alhaji ya dawo ya tarar da sunansa a bakin duk birni?"

Can Hajiya ta ce, a hankali, "A bar ta ta tafi."

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

"Na ce a bar ta ta tafi!"

"Madalla. Lauratu kuma tana ɗakinta. Ranar da na ji an taɓa mata ko da faifai ne, ni da kaina zan ɗauki sandata."

Malama Uwani ta jawo Kulu kusa da ita. Ta ce, "Zan yi wa shugabar kwaleji bayani a gyara. To faɗa mini, yaya sunanki na gaskiya?"

Bakin Kulu ya buɗe, har ta fara cewa "Hau..." saboda sabo. Ta tsaya.

"Kulu."

"Kulu wa?"

Ta ɗaga kai. "Kulu Sabo."

Daga can ƙuryar gida, ta wajen madafa, sai aka ji guɗa. Duk zaman Lauratu a gidan nan ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Ranar kam har bakin titi aka jiyo ta. Matan maƙwabta, waɗanda suka yi mata jaje wancan karon, su suka karɓa mata.

Kulu ta shiga ta durƙusa gaban Innarta aka sa mata albarka. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya ma ta ce, "Hajiya, na tafi." Ba a amsa ba. Da ta fito, ba ta da ko ƙunshin kaya, don ba ta shirya tafiya ba. Sai ta ga Hauwa ta ɗora akwatin nan a kanta.

"Mu je in raka ki. Zannuwan za su yi miki tsawo, ki riƙa ninkawa."

Haka suka bi lungun Dala, 'yar Alhaji Modu ɗauke da kaya, 'yar mai daka a gaba, yara na biye suna ihu, "Kulu Sabo ta ci kwaleji! Kulu Sabo ta ci kwaleji!"

Hajiya ta daɗe ba ta yi wa Hauwa magana ba. Da Alhaji ya dawo ya ji abin da ya faru, da kansa ya je ya ba mai unguwa haƙuri, ya sha tsiya har ya gaji. Akwatin kuwa Alhaji ya ce kada wanda ya sake tayar da maganarsa.

Hauwa ba ta je kwaleji ba. Ta ci gaba a wajen Malam Maharazu. Da ya ji ta iya boko, sai ya ware mata benci biyu na ƙananan 'yan mata, tana koya musu bayan sun gama Larabci. In Kulu ta zo hutu, can take wuni tana taya ta. Iyayen yaran su duka biyun Malama suke ce musu.

Da lokacin ɗaukar yara ya sake zagayowa, mai unguwa bai ma aiko gidan Alhaji Modu ba. Hajiya ce ta aika a kira shi. Ta turo autarta 'Yardada zaure, an yi mata wanka an shafe ta da mai.

'Yardada ta ɗora hannu, ta karkata kai, ta taɓo kunne.

Mai unguwa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na san wannan karkatar, na taɓa ganin ta a zauren nan. Miƙe wuyanki, jikata."

Ta miƙe. Hannu ya tsaya a tsakar ka.

Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Hajiya, sai baɗi."

Darasi: Makarantar En'e ce, ko ta kuɗi, ko kwaleji, ba wadda ke zuba wa mutum karatun da wani ya sha wahalarsa. Abin da kika raina kika tura wa 'yar wani, wata rana za ki neme shi ki tarar ya zama nata. Kuma kada ki hana wani abin da kika sani don an zalunce ki, domin wadda Kulu ta koya wa a ƙasa ita ce ta tsaya mata ranar da ba ta da mai tsaya mata. Wadda ta karanta wannan ta miƙa wa ta kusa da ita, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata, musamman iyayenmu mata. Ba sai an faɗi wanda ya rubuta ba.